Me Ya Sa Jami'ar Amurka Take Kiran Tsohon Ɗalibinta "Alum"?

Wata malamar kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare ta rubuto tana cewa jami'ar da ta yi digiri na biyu a Amurka ta aiko mata da wasiƙa, kuma a cikin wasiƙar an kira ta "alum". Ita kuwa a iya saninta, "alum" shi ne alam ɗin nan da ake jefawa cikin ruwa mai laka domin dattin ya kwanta. Tana son ta san ma'anar kalmar a wannan muhalli, da inda ta samo asali, da ko tana da dangantaka da alam, sannan ko ya dace ta yi amfani da ita idan za ta rubuta takardar neman aiki.

Malama, ki kwantar da hankalinki, jami'arki ba ta kira ki da sunan sinadari ba. A Turanci akwai kalmomi biyu mabambanta da ake rubuta su da waɗannan haruffa huɗu, kuma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ko a baki ma sun sha bamban. Idan ana nufin alam, a kan gaɓar farko ake danna murya, amma idan ana nufin tsohon ɗalibi, gaɓa ta biyu ce ake dannawa, wato kamar a ce "aLAM". Wadda aka kira ki da ita gutsuren wata kalma ce ta harshen Latin, wato "alumnus" ga namiji da "alumna" ga mace. Ɗaliban kwalejojin Amurka ne suka yanke mata wutsiya a kashi na ƙarshe na ƙarni na 19, kamar yadda ɗalibai suka mayar da "professor" ya koma "prof", "dormitory" ya koma "dorm", "examination" ya koma "exam".

Hanya mafi sauƙi ta gane ma'anarta ga Bahaushe ita ce ya saurari abin da mu kanmu muke faɗa idan ɗalibai sun kammala karatu. Muna cewa makaranta ta yaye ɗalibai, muna kuma kiran taron bikin yaye ɗalibai. Wanda ake yayewa kuwa shi ne wanda aka shayar. Saboda haka a cikin wannan furuci namu, ko mun lura ko ba mu lura ba, makaranta uwa ce, karatu nono ne, ɗalibi kuma ɗan goye ne da ya isa a sauke shi. Wannan shi ne ainihin hoton da yake cikin "alumnus". Kalmar ta fito daga aikatau na Latin "alere", wanda yake nufin ciyarwa da shayarwa da raino, kuma ɗafa-ƙeyar da ke ƙarshenta ragowar wata tsohuwar siga ce mai nuna wanda aka yi wa aiki. Ma'anarta ta asali ke nan: wanda aka ciyar, wanda aka raina. Daga wannan saiwa ce kuma aka samu "alma mater", wato uwa mai shayarwa, laƙabin da Rumawa suke yi wa wasu allolinsu mata irin su Ceres da Cybele kafin a mayar da shi kan jami'o'i. Jami'ar Bologna ta Italiya, wadda ake lissafin kafuwarta daga 1088, tana ɗauke da "Alma Mater Studiorum" a cikin sunanta, kuma tun 1600 mai buga littattafan Jami'ar Cambridge yake sa tambari mai ɗauke da "Alma Mater Cantabrigia". Kalmomin biyu tare suke tafiya, domin ba a samun ɗan raino sai da uwar raino.

A wurin Rumawa, tun kafin maganar makaranta ta shigo, "alumnus" suna ne na wani irin yaro, kuma labarinsa yana da ɗaci. Al'adarsu ta yarda mahaifi ya ƙi karɓar jariri, a ajiye shi a waje, duk wanda ya tsince shi ya raina shi. Irin wannan yaro yakan tashi a gidan wanda ba shi ya haife shi ba, wani a riƙe shi tamkar ɗa, wani kuma a mayar da shi bawa, kuma matsayinsa a shari'a ya zama abin muhawara. Wajen shekarar 111, lokacin da Pliny Ƙarami yake gwamnan lardin Bithynia a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Trajan wasiƙa yana neman hukunci a kan waɗanda aka haifa 'yantattu, aka yasar da su, wasu suka raine su cikin bauta. Trajan ya amsa cewa kada a hana su neman 'yancinsu, kuma kada a tilasta musu su fanshi kansu da biyan kuɗin abincin da aka ciyar da su. Kalmar da ya yi amfani da ita ga wannan kuɗin ciyarwa ita ce "alimenta", wadda ita ma 'yar gida ɗaya ce da "alumnus". Idan ana neman kalmar Hausa mafi kusa da wannan ma'ana ta farko, ɗan riƙo ne. Daga baya marubutan Latin suka faɗaɗa ta zuwa almajirin malami, wanda ake ciyar da shi ilimi, kamar yadda kalmar tarbiyya da muka aro daga Larabci take haɗa raino da koyarwa a wuri ɗaya.

Kalmar ta shiga Turanci a tsakiyar ƙarni na 17, kuma a farkon shigarta tana nufin ɗalibin da yake cikin makaranta a lokacin. Har yau haka take a harsunan da suka gaji Latin kai tsaye: "alumno" a Sifaniyanci, "aluno" a harshen Fotugal da "alunno" a Italiyanci duk ɗalibi mai karatu yanzu suke nufi. Shi ya sa Basifaniye idan yana son ya ce tsohon ɗalibi sai ya ƙara wata kalma a gaba. A Turanci ne, musamman na Amurka, ma'anar ta gusa ta koma kan wanda ya riga ya bar makaranta, kuma dalilin gusawar yana da alaƙa da yadda kwalejojin Amurka suke rayuwa. Yawancin tsofaffin kwalejojinsu ba na gwamnati ba ne, da kuɗin makaranta da gudummawar masu hali suke tafiya. A 1821 shugaban Kwalejin Williams ta jihar Massachusetts, Zephaniah Swift Moore, ya bar ta ya tafi ya shugabanci sabuwar kwaleji a Amherst, wasu ɗalibai suka bi shi, har aka fara fargabar Williams za ta durƙushe. Sai waɗanda suka yi karatu a cikinta suka taru suka kafa ƙungiya domin su tallafe ta, suka kira ta "Society of Alumni", kuma ita ake ɗauka a matsayin mafi tsufa a irin waɗannan ƙungiyoyi a Amurka. Zaɓen kalmar ya dace da buƙatar: wanda aka kira ɗan raino ya san akwai haƙƙin uwa a kansa. Don haka, Malama, idan kin duba ƙarshen wasiƙar da aka aiko miki kika ga ana gayyatar ki taro ko ana neman gudummawa, wannan al'ada ce mai shekara fiye da 200.

Abin da ya sa gajeriyar siga ta yi kasuwa ya wuce son sauƙin baki. Latin yana rarrabe jinsi da adadi, saboda haka kalmar tana da fuska huɗu: "alumnus" namiji ɗaya, "alumna" mace ɗaya, "alumni" maza da yawa, "alumnae" mata da yawa. Muddin maza ne kaɗai suke shiga kwaleji, babu wata matsala. Amma Kwalejin Oberlin ta jihar Ohio ta ba wa ɗalibai mata digiri a 1841, Vassar ta buɗe ƙofa a 1865, Smith da Wellesley a 1875, dukkan ukun na ƙarshe na mata zalla a lokacin, kuma a 1882 mata masu digiri suka kafa ƙungiyarsu a Boston da sunan "Association of Collegiate Alumnae". Daga nan sigogin mata suka shiga bakin mutane, rikici kuma ya biyo baya, domin furucin jam'in biyu ya yi musaya tsakanin harsunan. A Latin na asali, jam'in maza yana ƙarewa da sautin "ni", na mata kuma da "nai". A Turancin Amurka abin ya juye, jam'in maza ne yake ƙarewa da "nai", na mata da "ni". Mutum biyu masu ilimi suna iya furta sauti ɗaya, wannan yana nufin maza, wancan yana nufin mata. Ga kuma ƙa'idar Latin da ta ce idan maza da mata suka haɗu, jam'in maza ake amfani da shi, ƙa'idar da mata da yawa ba su gamsu da ita ba, musamman a makarantun da asalinsu na mata ne, da kuma bayan manyan jami'o'i irin su Yale da Princeton sun fara karɓar mata a matakin digirin farko a 1969. Wasu makarantu suka koma rubuta "alumni/ae", abin da ba ya karantuwa a baki. "Alum" ta warware wannan duka, domin ba ta nuna jinsi, kuma jam'inta na Turanci ne tsantsa, wato "alums". A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa kalmar da ta fara a matsayin zaurancen ɗalibai ta kai ga shiga jaridu da wasiƙun jami'o'i.

Akwai wani bambanci da ya kamata ki riƙe, domin mutane da yawa suna ɗauka "alum" da "graduate" abu ɗaya ne. "Graduate" ta fito daga "gradus", wato taki ko matakala, kuma tana nufin wanda ya hau wani mataki aka ba shi shaida. Ita ma tana da gutsurenta, "grad", wanda ya bayyana a zamani ɗaya da "alum". Sai dai "grad" tana da nata ruɗanin, domin Ba'amurke idan ya ce "grad student" yana nufin mai karatun digiri na biyu ko na uku. Abin lura a nan shi ne, "graduate" magana ce ta takardar shaida, "alum" kuwa magana ce ta wanda ya ci abincin gidan. Shi ya sa ƙamusoshin Turanci suke fassara "alumnus" da wanda ya kammala ko wanda ya taɓa halartar makaranta, kuma jami'o'i da dama suna sa duk wanda ya yi wani adadin zango a cikin rajistar tsofaffin ɗalibansu ko da bai gama ba. Bill Gates ya bar Harvard a 1975 ba tare da digiri ba, sai a 2007 aka ba shi na girmamawa, amma a tsakanin nan babu wanda zai musa cewa tsohon ɗalibinta ne. A nan Hausa ta fi Turanci fayyace abu, domin "tsohon ɗalibi" ya ƙunshi kowa, wanda aka yaye da wanda ya bari a hanya. Wani abin sha'awa kuma, a makarantar allo mai kammala Alƙur'ani sauka yake yi, alhali a kalmar Bature hawa yake yi.

Daga makaranta ma'anar ta ƙara faɗi. A Turancin yau ana kiran tsohon ma'aikacin kamfani "alum" na wannan kamfani, haka ma ɗan wasan da ya taɓa fitowa a wani shirin talabijin, ko ɗan ƙwallon da ya taɓa buga wa wata ƙungiya. Manyan kamfanonin ba da shawara irin su McKinsey suna da tsarin hulɗa da tsofaffin ma'aikatansu da suke kira da wannan suna. Hoton bai canza ba, wurin da ya raine ka har ka zama abin da ka zama shi ne uwar.

Ingila ba ta bi wannan hanya da wuri ba. A can an fi sabawa da "old boy" da "old girl", kuma wanda ya yi makarantar Eton sunansa "Old Etonian". Wannan al'ada ce ta zo mana tare da Turawan mulkin mallaka, shi ya sa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa, kwalejin da ta faro a Katsina a 1921 kafin ta koma Kaduna sannan Zariya, take amsa sunan "Barewa Old Boys Association", yayin da jami'o'inmu suka ɗauki "alumni". A Nijar kuwa, inda Faransanci ne harshen makaranta, "ancien élève" ake cewa. Abin da yake burge ni shi ne, "old" da "alumnus" dangi ne. Masana tarihin harsuna suna mayar da su duka zuwa tsohuwar saiwa guda mai ma'anar girma da ciyarwa, domin "old" a asalinsa yana nufin wanda ya girma ya gama. Daga wannan saiwa ce kuma aka samu "adult", wanda ya riga ya girma, da "adolescent", wanda yake kan girma, da "alimony", kuɗin ciyarwa bayan rabuwar aure, da "alimentary canal" da kike ji a bakin malaman ilimin halittu a makarantarku. Mutumin Ingila da Ba'amurke sun zaɓi kalmomi daban, amma daga rijiya ɗaya suka ɗebo.

Yanzu sai alam ɗinki. Shi ya riga ɗaya kalmar shiga Turanci da kusan shekara 300, domin tun ƙarni na 14 ya shigo ta hanyar tsohon Faransanci, daga "alumen" na Latin, sunan da Rumawa suka ba wannan gishiri mai bauri. Babu abin da ya haɗa "alumen" da "alere" sai kamar haruffa. A zamanin da, alam babbar haja ce, saboda marina a Turai da shi suke kama rini a jikin ulu, majema kuma suna gyaran fata da shi. A ƙarni na 12 masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya ambaci alam da ake haƙowa a Kawar, arewa maso gabashin Nijar ta yau, ana kai shi Masar da ƙasashen Magrib. Turawa sun daɗe suna dogara da ma'adinan Phocaea da ke gaɓar Turkiyya, waɗanda 'yan kasuwar Genoa suke riƙe da su har Daular Usmaniyya ta karɓe wurin a 1455. Wajen 1461 aka gano alam a Tolfa kusa da birnin Rum, Fafaroma Pius na Biyu ya mayar da cinikinsa mallakar fadarsa. Daga sunan wannan gishiri ne masanin sinadarai ɗan Ingila Humphry Davy ya ƙirƙiri sunan ƙarfen da yake cikinsa, ya fara da "alumium" a 1808, ya koma "aluminum" a 1812, wasu kuma suka gyara shi zuwa "aluminium", wato alminiyon da ake yin tukwane da kwanon rufi da shi. Ke nan alam ɗan'uwan alminiyon ne, ba ɗan'uwan ɗalibi ba.

Akwai wani labari da yake yawo a intanet wanda nake so in gargaɗe ki a kansa, domin na ji malamai suna maimaita shi a gaban ɗalibai. Ana cewa wai "alumnus" haɗin "a" ne mai kore abu da "lumen" mai nufin haske, wato marar haske, wanda malami zai haskaka. Wannan ba gaskiya ba ne. Ɗafa-goshin "a" mai korewa na Girkanci ne, "lumen" kuwa Latin ne, kuma Rumawa da kansu sun yi amfani da kalmar ɗaruruwan shekaru da ma'anar ɗan raino, a shari'a da kuma a rubutun kaburbura, ba tare da wata maganar haske ko duhu ba. Abin da ya sa nake damuwa da wannan ƙage shi ne yana juya ma'anar kalmar gaba ɗaya, ya mayar da ɗalibi fanko mai duhun kai, alhali kalmar tana ɗaukarsa a matsayin ɗa mai girma wanda ake ciyarwa.

Game da takardar neman aiki, shawarata ita ce kada ki sa "alum". Matsayinta kamar na Dija ne a madadin Khadija, ko Abu a madadin Abubakar: suna ne na gida da na abokai, mai daɗin ji, amma ba shi ake rubutawa a fasfo ba. Jami'arki ta yi amfani da ita ne da gangan domin ta nuna miki kusanci. A hira, ko a shafinki na sada zumunta, ko a wasiƙa zuwa ga wanda kuka yi makaranta ɗaya, babu laifi ko kaɗan. A takarda ta hukuma kuwa, tunda kin kammala kuma kina da shaida, "graduate" ta fi ƙarfi, domin ita ce take tabbatar da cewa kin samu digirin. Idan kuma dangantakarki da jami'ar kike son nunawa, ki rubuta "alumna". Akwai ƙarin dalili a wajenki musamman: mai karanta takardar malamar sinadarai a Najeriya, idan ya ci karo da "alum", tunaninsa zai fara zuwa inda naki ya fara zuwa. Sannan ki guji kuskuren da ya zama ruwan dare a Turancinmu, wato mutum ɗaya ya ce "I am an alumni". Wannan daidai yake da Bahaushe ya ce "ni ɗalibai ne". "Alumni" jam'i ne, ana amfani da shi ga ƙungiya ko taron maza da mata, mace ɗaya kuwa "alumna" ce, kuma idan ƙungiyarku ta mata ce zalla, "alumnae" za ku rubuta a kan takardarku.